Gizo mai rigar cinnaka: kama da wane ba ta wane

  

Abin da ya sa muka ɗauko maganar yau, wata dattijuwa ce mai sayar da mangwaro a babbar kasuwar Maraɗi, wadda ta saba sauraren shirinmu na rediyo. Muna tsaye gaban tirenta muna taya mangwaro, sai ta ce: "Ku ƴan rediyo da ba ku rasa amsa, yau ina da tambaya." Muka ce: "To Inna, Allah ya sa mun sani."

Ta ce da safe tana kwance wani kwando da ya zo daga kudu, da sauran ganye a ciki, sai jajayen cinnaku suka watsu kamar yadda suka saba. Tana kaɗe su da tsintsiya, sai ɗaya ya tsaya a bakin kwando, ya juyo ya zuba mata ido. Da ta kai masa tsintsiya ya saki jiki ya faɗo, amma bai kai ƙasa ba. Ya tsaya yana lilo a jikin wani siririn zare, can kuma ya bi zaren ya koma sama. "Shekara 20 ina wannan sana'a," in ji ta, "cinnaka ya cije ni ba adadi, amma ban taɓa ganin cinnaka mai zare ba. Ko dai mutanen ɓoye ne?"

Ranar ba mu da amsa, sai muka yi mata alkawarin za mu bincika. Ga abin da muka samo: bisa ga siffar da ta ba mu, abin da Inna ta gani gizo-gizo ne da ya ari kamannin cinnaka, kuma masana sun fi shekara 180 suna nazarin irinsa.

Ƙafa 6 da ƙafa 8

Tun muna lise mushen kimiyya ya koya mana cewa duk abin da ilimi ke kira ƙwaro, kamar ƙuda da fara da zuma da tururuwa, ƙafa 6 gare shi. Jikinsa kashi 3 ne, wato kai da ƙirji da ciki, kuma a goshinsa akwai ƴan ƙahonni 2 masu laushi waɗanda yake shinshina hanya da su. Shi kuwa gizo-gizo ƙafa 8 gare shi, jikinsa kashi 2 ne don kai da ƙirji a haɗe suke, ba shi da ƙaho ko ɗaya, kuma akasarinsu ido 8 gare su. Ta wajen zumunta ma, ya fi kusa da kunama da kaska a kan tururuwa.

Kun ga ke nan tazarar da ke tsakanin gizo da cinnaka ba ƙarama ba ce. Duk wanda zai shige cikin cinnaku ba a gane shi ba, sai ya san yadda zai yi da ƙafa 2 da suka yi masa yawa, da ƙahonni 2 da ba shi da su, da ƙugun da bai gada ba.

Danginsa da gidansu

Masana suna jera halittu kamar yadda muke jera zumunta: ga babban dangi, cikin dangi ga gidaje, cikin kowane gida ga ire-ire. Shi ya sa kowace halitta suna 2 gare ta a littafinsu, na farko sunan gida, na biyu sunan yanka. A shekarar 2022 yawan ire-iren gizo-gizo da aka raɗa wa suna a duniya ya kai 50,000, kuma an kasa su cikin dangi fiye da 130.

Dangin da ya fi kowane yawa shi ne wanda suke kira Salticidae, daga wata kalmar Latin mai nufin tsalle. Mu sai mu ce dangin masu tsalle. Suna da iri fiye da 6,000 a cikin gidaje fiye da 600. Kun san su, ko da ba ku san sunan ba. Su ne ƴan ƙananan nan masu gajerun ƙafafu da ke yawo a bangon shago da rana suna farautar ƙuda. Ba su saƙa yana don tarko. Laɓaɓawa suke yi kamar kyanwa, sai sun matso su daka tsalle. A gaban fuskarsu akwai manyan idanu 2 kamar fitilun mota, waɗanda ke gani tar, sauran 6 kuma suna gadin gefe da baya. Kafin kowane tsalle sukan liƙa zare a inda suke tsaye, kamar igiyar mai haƙar rijiya, don in ƙafa ta zame su sami abin kamawa. Wannan zaren ne Inna ta gani.

A cikin wannan dangi akwai wani gida da wani Bature ɗan Ingila, William Macleay, ya raɗa wa suna Myrmarachne a shekarar 1839. Kalmomin Girkanci 2 ya haɗa, ɗaya cinnaka, ɗaya gizo. Ire-iren wannan gida sun kusa 200, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu zafi, daga Afirka zuwa Asiya har Ostiraliya. Akasarinsu ba su wuce santimita 1 ba. A 1978 wani masani na gidan ajiye halittu na birnin Landan, Fred Wanless, ya bi na Afirka ɗaya bayan ɗaya ya tantance su, tare da na wani gida makusancinsu mai suna Belippo. Ɗaya daga cikin sababbin da ya bayyana ya sa masa suna legon, don tunawa da Legon kusa da Akara, inda jami'ar Gana take.

Sai dai ba wannan gida kaɗai ke sa rigar cinnaka ba. A nahiyar Amurka akwai gidajen Synemosyna da Peckhamia, a Turai akwai Synageles da Leptorchestes. Da wani masani ɗan Kanada, Wayne Maddison, ya sake jera dangin masu tsalle baki ɗaya a 2015, ya nuna cewa siffar cinnaka ta ɓullo cikin dangin fiye da sau 10, kowace a reshenta dabam. Ma'ana, za a iya samun gizo 2 masu kama da juna kamar an tsaga kara, alhali ba su haɗa kaka na kusa ba. Abin da suka haɗa shi ne wanda suke kwaikwayo.

Wannan ya sa su kansu masana sun sha ruɗewa. Namiji da mace na iri ɗaya ba su kama da juna, ƙarami bai kama da babba, kuma iri ɗaya kan zo da launi 2 ko 3 gwargwadon cinnakun da ke wurin. An sha ba iri ɗaya suna 2, an kuma sha cusa baƙi cikin gidan da ba nasu ba. A 2016 wani masani ɗan ƙasar Folan, Jerzy Prószyński, ya fitar da ire-ire da dama daga gidan Myrmarachne ya buɗe musu sababbin gidaje. Cikinsu har da shahararren nan na Indiya da Siri Lanka mai kwaikwayon jan cinnaka, wanda yanzu ake kiran gidansu Myrmaplata. Yau mai tantancewa ba ya tsayawa ga launi da ƙira. Sai ya sa gizon ƙarƙashin madubin ƙara girma ya duba gaɓoɓin haihuwa, waɗanda kwaikwayo bai taɓa su ba, ko a auna ƙwayoyin gado na jikinsa. Haka mai sayen atamfa ta ƙwarai ke yi: ba ta tsayawa ga zanen fuska, sai ta juya bayan ta duba, ta karanta bakin.

Me ya sa sai cinnaka?

Wanda ya fara warware wannan sirri wani Bature ne ɗan Ingila, Henry Bates, wanda ya yi shekara 11 a dajin Amazon na ƙasar Barazil, daga 1848 zuwa 1859. Ya lura akwai malam-buɗe-littafi masu ɗaci waɗanda tsuntsaye ba su ci, akwai kuma waɗansu marasa ɗaci amma masu launi irin na masu ɗacin, su ma tsuntsaye na ƙyale su. A 1862 ya buga bayaninsa: marar makami kan tsira idan ya yi kama da mai makami. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan kwaikwayo.

To, a duniyar ƙananan halittu ba wanda ake shakka kamar cinnaka da tururuwa. Suna cizo, waɗansu suna harbi, waɗansu suna fesa wani ruwa mai tsami mai ƙuna. Jikinsu tauri, naman kaɗan, kuma in ka taɓa ɗaya ɗari za su taso maka. Shi kuwa gizo mai tsalle nama ne mai laushi, shi kaɗai yake yawo, ba mai rama masa. Tsuntsu na son sa, ƙadangare na son sa, zanzaro na neman sa, har manyan danginsa suna cin sa. Masana 2 na jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan, Ximena Nelson da Robert Jackson, sun gwada masu tsalle da aka ƙyanƙyashe a ɗakin bincike, waɗanda ba su taɓa ganin cinnaka ba. Da aka nuna musu cinnaka sai suka kauce, da aka nuna musu gizo mai rigar cinnaka ma suka kauce. Ashe tsoron a jini yake.

Kada a ɗauka gizon ne ya zauna ya ƙulla wannan dabara, kamar Gizo na tatsuniya. Haka Allah ya tsara abin: wanda ya fi kama da cinnaka shi ke tsira har ya hayayyafa, ƴaƴansa su gaji kamarsa, wanda kamarsa ba ta kai ba a cinye shi. Zuriya bayan zuriya kamar tana ƙara kyau, kamar yadda manomi ke ware zangarniya mafi kyau kowace kaka har irinsa ya gyaru.

Yadda aka ɗinka rigar

In kuka sami ɗaya kuka ƙura masa ido, za ku ga bayan idanunsa jikin ya ɗan shaƙe, ya raba kai da ƙirji kamar na ƙwaro. Tsakanin ƙirji da ciki akwai dogon ƙugu siriri. Ƙafafun sun zama sirara, jikin ya yi santsi yana ƙyalli. A gefen kai akwai baƙin tabo 2 daidai inda manyan idanun cinnaka suke, alhali nasa ƙananan idanun na gefe suna ɓoye cikin tabon.

Rigar ma ba ɗaya ba ce tun daga yarinta har girma. Wani masani ɗan Ingila, Malcolm Edmunds, wanda ya koyar a Legon, ya bi rayuwar wani iri mai suna foenisex. Babbansa yana kama da jan cinnakan nan mai ɗinke ganye ya yi gida a kan itacen mangwaro da koko da goro, wanda duk wanda ya taɓa fataucin goro a kurmi ya san zafin cizonsa. Amma ƙaraminsa, da yake bai kai girman jan cinnaka ba, sai ya ɗauki kamar waɗansu ƙananan cinnaku dabam. In ya girma ya yi saɓa, sai ya sake riga.

Sauran aikin kuma tafiya ce. Shekara da shekaru littattafai suna cewa wannan gizo da ƙafa 6 yake tafiya, ya ɗaga 2 na gaba sama su zama ƙahonni. A 2017 Paul Shamble da abokan aikinsa na jami'ar Cornell a Amurka suka ɗauki wani iri mai suna formicaria da kyamara mai ɗaukar hoto 1,000 ko fiye a daƙiƙa guda. Sai ga shi da ƙafa 8 ɗinsa cif yake tafiya. Abin da yake yi shi ne, yana cikin tafiya sai ya ɗan tsaya na kamar kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, ya ɗaga ƙafafun gaba ya kaɗa, ya ci gaba. Saurin abin ya fi ƙarfin idon mai kallo, sai a ga kamar kullum ƙahonnin suna sama. Sun kuma ga ba ya miƙe hanya, sai ya riƙa karkata dama da hagu. Haka cinnaka ke yi in yana bin ƙanshin sawun ƴan'uwansa. Shi gizon ba ƙanshin da yake bi, tafiyar kawai ya ara.

Abu guda ne rigar ba ta yi masa: ba ta ruɗin cinnakun kansu. Su da ƙanshi suke gane na gida, kuma in suka kama shi kashe shi za su yi. Don haka zamansa kullum kusa da su ne amma ba cikinsu ba. Yana bin gefen layinsu, yana kallon su da manyan idanunsa, in ɗaya ya nufo shi ya kauce. Akasarin ƴan wannan gida ba su cin cinnaka. Abincinsu ƙananan ƙudaje ne da ƴan ƙwari masu laushi, wani lokaci su sha ruwan zaƙin fure. Da dare kuma kowa ya shige ɗan ɗakin da ya saƙa a bayan ganye.

Namiji ɗan dako

A wajen namiji akwai wata matsala. Idan ya balaga sai muƙamuƙansa su yi tsawo su miƙe gaba, a waɗansu ire-iren har su kai rabin tsawon jikinsa ko fiye. Da su yake kokawa da ƴan'uwansa maza a kan mace: su fuskanci juna, kowa ya ware nasa, a gwada tsawo, in ba wanda ya ja da baya a sarƙe. A 1994 wani masani mai suna Simon Pollard ya nuna cewa namijin irin nan na Indiya, garin tsawon haƙora, ya rasa kafar da dafi ke bi. Mace takan ciji abin farauta dafi ya kwantar da shi, shi kuwa sai ya danne ya yi ta soka.

Ana iya zaton wannan dogon baki zai tona masa asiri, amma bai tona ba. Nelson da Jackson sun nuna a 2006 cewa masu kallo suna ɗaukar sa a matsayin cinnaka mai ɗauke da kaya a baki, kamar ɗan dako ya ɗauko buhu. Sai dai akwai waɗansu masu tsalle da sana'arsu ita ce cin cinnaka, kuma sun fi son mai ɗauke da kaya, don bakinsa a cike yake, ba ya iya cizo. Su kuma sai suka fi kai wa namijin hari a kan macen. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Rigar tana aiki kuwa?

Ɗan kasuwa ba ya yarda da magana sai ya ga lissafi, kuma an yi lissafin a Gana. Akwai wani ƙaramin zanzaro da ke kama masu tsalle, ya sumar da su da harbi, ya cusa cikin ɗakin laka don ƴaƴansa su ci. Edmunds ya riƙa buɗe waɗannan ɗakuna yana ƙirga abin da ke ciki, yana gwadawa da yawan masu tsallen da ke kan itatuwan wurin. Sakamakon da ya buga a 1993 ya nuna masu rigar cinnaka ba su faɗawa hannun zanzaro gwargwadon yawansu, marasa rigar sun fi shan kamu. Amma ya tarar da waɗansu ɗaiɗaikun zanzaro da suka gano dabarar, har suka mai da masu rigar abin nemansu. Ko a kasuwa haka ne, akwai mai idon da ba a yi masa cushe.

A 2023 masana na jami'ar Peking a ƙasar Sin suka gwada wani iri mai suna Siler collingwoodi, mai launi kamar zanen sallah, wanda ƙirarsa ba ta yi kama da cinnaka sosai ba, amma tafiyarsa ta yi. Suka haɗa shi da maharba 2. Na farko wani gizo ne mai cin ƴan'uwansa, shi kam ya ruɗu, ya fi kai hari ga marar kwaikwayo. Na biyu ƙoƙi-ƙoƙi ce, ita kuwa ba ta bambanta ba, da mai rigar da marar rigar duka ta kama. Masanan suka ce girmanta ne ya sa cizon cinnaka bai dame ta ba. Mu kuwa da muka tashi da tatsuniya mun san Ƙoƙi matar Gizo ce, kuma ba a yi wa uwargida ɓad-da-kama.

Masu sa rigar don ɓarna

Duk waɗanda muka ambata don tsira da rai suke kwaikwayo. Akwai kuma waɗanda suka wuce nan. A bakin tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, akwai wani ɗan ƙarami mai suna melanotarsa, wanda aka bayyana a 2002. Yana kwaikwayon waɗansu ƙananan baƙaƙen cinnaku masu ɗaga ciki sama in an taɓa su. Da yake cinnaka ba ya tafiya shi kaɗai, shi ma wannan gizo ya bar halin danginsa na kaɗaici, yana zama cikin taro yana yawo cikin ayari. Nelson da Jackson sun nuna a 2009 cewa idan ayarin ya doshi ɗakin wata gizo mai gadin ƙwanta, sai ta ɗauka cinnaku ne suka kawo yaƙi, ta gudu ta bar ɗakin. Su kuwa su shiga su cinye ƙwai da ƴan jarirai. Wannan shi ne ɓarawon da ya sa kaki ya shigo kasuwa, mai shago da kansa ya ba shi wuri.

A Ostiraliya kuma akwai wani mai suna Cosmophasis bitaeniata da ya bi ta wata ƙofa. Tun da cinnaka da ƙanshi yake gane na gida, sai shi ya ari ƙanshin. Yana shiga har cikin gidan cinnaka mai ɗinkin ganye yana cin tsutsotsinsu, kuma daga tsutsotsin da yake ci yake samun ƙanshin gidan a jikinsa. Masu gadi su shinshina shi su ba shi hanya.

Rigar aro ba kyauta ba ce

Kowace riba da jarinta. A 2020 waɗansu masana ƴan Japan, ƙarƙashin Yoshiaki Hashimoto, suka auna tsallen ire-iren Myrmarachne na kudu maso gabashin Asiya. Suka tarar masu siririn jiki, waɗanda suka fi kama da cinnaka, tsallensu bai kai na sauran dangi ba, kuma sun fi kuskuren abin farauta. Dalili kuwa, mai tsalle da ƙarfin bugun jini yake miƙe ƙafafunsa na baya, kuma shaƙaƙƙen jiki ba ya ba da wannan ƙarfi. Haka nan mace mai siririn ciki ba ta ɗaukar ƙwai da yawa kamar mai faffaɗan ciki. Wato ɗan dangin masu tsalle ya sayar da tsallensa da yawan ƴaƴansa ya sayi kwanciyar rai.

Babbar ƙa'idar kuma ita ce wadda kowane ɗan kasuwa ya sani. Jabu ba ya tafiya sai da sunan na gaske. Takardar jikka 10 ta jabu tana shigewa ne don akwai dubban na gaske da mutane suka yarda da su. Ranar da jabun ya yi yawa, kowa zai fara ɗaga takarda sama yana dubawa, daga nan asirinta ya tonu, na gasken ma ta sha tuhuma. Haka tsuntsun da ya ɗanɗana cinnaka ya sha cizo zai ƙyale duk mai kama da shi. Amma da a ce masu rigar sun fi cinnakun yawa, da ya ɗanɗana ya ji nama mai daɗi, da rigar ta zama talla. Shi ya sa ake samun wannan gizo inda cinnakunsa suke da yawa, shi kuwa ɗaiɗai. Duk tsaronsa ya rataya ne ga cizon da wani ke yi.

Abin da ya shafe mu

Na farko, wannan gizo ba ya cutar mutum, ba ya ɓata kaya, ƙananan ƙwari yake ci. Shi ma jan cinnakan da yake kwaikwayo ba abokin gaba ba ne ga mai mangwaro. Ƙudan nan mai sa tsutsa cikin mangwaro, wanda ya fito daga Asiya aka fara ganin sa a Kenya a 2003 kafin ya bazu zuwa yammacin Afirka, yana shakkar itacen da jan cinnaka ya yi gida. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan gonakin Jamhuriyar Benin ya nuna itatuwan da cinnakun suka yi yawa sun fi ba da mangwaro marar tsutsa. Saboda haka, iyayenmu mata, in kun kwance kwando kun ga cinnaku, tsintsiya da ɗan girgizawa sun isa. Kada a yayyafa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan abin da mutane za su ci, illarsa ta fi ta cinnaka nesa ba kusa ba.

Na biyu, ga mai son ya gani da idonsa, alamomin 4 ne. Ku nemi wanda ya ware daga layi yana yawo shi kaɗai. Ku kai yatsa kusa da shi, cinnaka zai taso ko ya ci gaba da harkarsa, shi kuwa gizo zai juyo ya dube ku da manyan idanu 2. Ku taɓa ganyen, in ya faɗo yana lilo da zare, magana ta ƙare. In kuma da wayar salula mai kyamara, ku ɗauke shi ku buɗa hoton ku ƙirga: abin da kuka zata ƙahonni, daga ƙirji suka fito, ba daga goshi ba. Yara ƴan makaranta za su ji daɗin wannan aiki in an nuna musu.

Mun koma kasuwa mun kai wa Inna amsarta. Ta saurara har ƙarshe tana jera mangwaro kashi-kashi, sannan ta ce: "Ikon Allah! Ashe har cikin ƙwari akwai ɗan jabu. To shi dai ransa yake karewa, bai karɓi kuɗin kowa ba." Ta ƙara mana mangwaro 2 gyara, ta ce gobe in ta sake ganin sa ba za ta kai masa tsintsiya ba, ƙafafunsa za ta ƙirga.

Duk mai wata tambaya irin ta Inna, ƙofarmu a buɗe take. Sai mun sake saduwa a wannan fili, Allah ya ba da sa'a, ya tsare mu da kayan jabu.